Bayan Kunnen 'Yar Fari

Uwani ba ta taɓa kiran sunan Khairat ba. 'Yar farinta ce, kuma a gidansu na Dungas kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tun da aka yaye yarinyar aka miƙa ta ɗakin kakarta, marigayiya Turai, can ta girma. In magana ta kama dole, Uwani takan faɗa wa ƙanwarta Nazifa da ƙarfi, yadda mai ita za ta ji. Taɓa ta kuwa, rabonta da shi tun goyo. Tana son ɗiyar nan kamar ranta, sai dai a ɓoye.

Bana Khairat ta gama karatu a Damagaram, aka tura ta koyarwa Dogo-Dogo. Ana dab da buɗe lakwal, wato makaranta, sai ga ƙuraje sun feso mata a goshi da haɓa. Ita da ta san bakin 'yan makaranta, ta tabbata kafin ta gama rubuta sunanta a allo sun laƙaba mata wani. Ta hau kabu-kabu zuwa Magarya, ta dawo da 'yan kwalabe biyu daga farmasi.

Ranar gidan ba kowa, duk an tafi yankan gero. Uwani na ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gyaɗa. Khairat ta zauna nesa kaɗan, ta jera kwalaben a tabarma, ta shiga bayani wai ita da kanta take.

"Duka biyun ruwa ne mai ɗan tsami, yana saɓule matacciyar fata ba sai an dirza ba. Mai farin murfin nan, salisilik, na fuska mai maiƙo ne, yana shiga ramukan fata ya kwashe datti. Wannan kuwa, laktik, dangin tsamin nono ne, na busasshiyar fata. Mai maganin ta ce ɗaya ake zaɓa." Ta yi tsaki. "To ni na san tawa? A Damagaram bushewa take, a nan gumi. Haɗa su zan yi duka in huta."

Uwani ta dakata da ɓarar gyaɗar. Da idonta ta ga wata maƙwabciya da ta gauraya mayuka, fuska ta sale kamar an watsa mata ruwan zafi, har yau tabon na nan. Ga Nazifa ba ta gida balle a bi ta kanta. Uwani ta waiga, ba ta ga kowa ba sai akuya a turke.

"Wasu dai gaggawa ce za ta ɓata su," ta ce wa akuyar. "An ce ɗaya, su sai biyu."

Akuya ta ci gaba da tuƙa. Khairat ta sunkuyar da kai, ta danne dariya.

"Mai maganin ta kuma ce a fara ɗigawa a bayan kunne, a bar shi ya kwana, a ga ko zai tashi," in ji ta. "Ni kuwa ina na ga bayan kunnena?"

Uwani ta dubi ƙofar gida, ta kasa kunne ko akwai mai sallama. Sannan ta kakkaɓe zani, ta wanke hannu da sabulu har sau biyu, ta zo ta durƙusa.

"Juya."

Ta kama haɓar ta karkatar da kan. Babban yatsanta ya bi goshin, ya gangaro ta gefen hanci, a hankali, fiye da yadda aikin ke bukata. Ta ɗaga yatsan ta duba a haske, yana ƙyalli.

"Fatar Malam ce sak," ta ce, tana nufin mijinta. "Shi ma ko cikin sanyi goshinsa kamar an shafa man gyaɗa. Wanne ne na maiƙon?"

"Mai farin murfi, Inna."

"Ɗayan a ajiye shi."

Ta ɗiga a auduga, ta ɗage ɗankwalin, ta dangwala a bayan kunne. Nan ta ga 'yar baƙar tawadar Allah da ta sani tun ranar haihuwa, tana nan inda ta bar ta. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa idonta. Ta miƙe da sauri ta koma kan gyaɗarta, ta hau akuya da faɗa ba laifin komai.

Washegari, da masu gona suka fita, Khairat ta zo ta zauna a tabarmar, ta ɗage ɗankwali da kanta. Wurin lafiya lau: ba kumburi, ba ƙaiƙayi, ita ma ta sani. Uwani ta riƙe kunnen ta daɗe tana dubawa, tafin hannunta a kumatun ɗiyarta.

"Ya tashi, Inna?"

"Ban gani sosai ba," Uwani ta ce. "Gobe a sake dubawa."

"To," in ji Khairat, ba ta janye kanta ba.