Kazar da ta jira Titus

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, lokacin da kuɗin mai ke yawo kamar ba za su ƙare ba, wata mota ta tsaya a ƙofar gidan Hilda a Jekadafari, aka sauke mata kwali. Daga ɗanta Titus ne, wanda ke aiki da wani kamfanin mai a Fatakwal. Shekara huɗu ke nan rabonsa da Gombe, tun jana'izar mahaifinsa, Malam Alfred. Saƙo kam ba ya yankewa. Rediyo ya zo, fanka ta zo, har agogon bango mai kiɗa. Shi ne dai bai zo ba.

A cikin kwalin akwai wani farin akwati mai ƙofar gilashi, da tukunyar tangaran mai murfi, ruwan ƙasa, nauyinta kamar dutsen niƙa. Ga kuma wasiƙa: “Mama, sunansa maikurowef, da lantarki yake girki. Ina tafe a jirgin ƙasa ranar Asabar ta Ista, kwana biyu zan yi. Ki dafa mini kaza a tukunyar nan, sukutum, kada a daddatsa ta. Ki rufe, ki murɗa zuwa talatin da biyar. In ya yi ƙara, ki bar ta minti goma kafin ki buɗe.”

Sau uku ta karanta. A na ukun ba girkin take dubawa ba, wurin “ina tafe” kawai take.

To, akwai wata kaza a gidan. Ranar da Titus ya tafi, Hilda ta kama wata budurwar kaza ta ɗaura mata jan zare a ƙafa, yadda uwarta takan yi a ƙauyensu in wani ya yi tafiya: wannan ta matafiyi ce, ba mai taɓa ta sai ya dawo. Kazar ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, ta ga jikoki, ta daina ƙwan ma. Sau shida ana canja mata zare. Duk unguwa an san ta da kazar Titus.

Ba za a gwada sabon abu a kanta ba. Hilda ta kama wani zakara, ta miƙa wa maƙwabcinta Malam Bamanga ta kan katanga ya yanka mata. Shekara ashirin shi ke mata yanka, don matarsa Fanta ta iya sa hannu a kwanonta. Fantar ce ta biyo zakaran, tana gyara lulluɓi.

“Maman Titus, wannan ne talabijin ɗin da ake kallon kaza a ciki?”

“Adda Fanta, zauna ki ga ikon Allah.”

“Ba wuta, ba hayaƙi, ba ludayi? Kuma a kwantar da shi ɗungurungum kamar mai jinya? Kai, 'ya'yan boko!”

Suka ja kujeru suka zauna gaban gilashin. Akwatin na gurnani. Da ya yi ƙara, Hilda ta kasa haƙurin minti goman, ta ɗaga murfi nan take. Fukafukai sun bushe kamar kilishi. Ta tsaga cinya, sai ga jini kwance jikin ƙashi.

“Sama Sallah, ƙasa mahauta,” in ji Fanta. “Ni dai ban gani ba.”

Bayan kwana biyu aka sake yanka wani. Wannan karon Hilda ta kifa shi, ƙirji a ƙasa, ta zuba ruwa rabin kofi, ta cusa albasa a cikinsa. Ta lura da yamma ƙwan lantarkin ɗakinta kan yi ja-ja, wuta ba ƙarfi, don haka ta yi girkin da hantsi. Rabin lokaci ta tsayar ta juya shi. Da ya yi ƙara ta zauna kan hannuwanta, tana kallon agogon Titus har minti goma suka cika. Jini kam babu. Amma Fanta ta ja cinya da haƙori har ɗankwalinta ya zame.

“Wannan sai a ba mai gyaran keke ya yi faci da shi.”

Hilda ba ta yi dariya ba. Saura kwana tara.

Malam Bamanga ne ya gano matsalar, daga bayan katanga, shi da bai taɓa ganin akwatin ba. Ya ce lissafin Titus na kajin gidan gona ne, farare, waɗanda ba su taɓa gudun shaho ba. Washegari Hilda ta tafi har gidan gona ta sayo ɗaya, mai wata biyu, ƙirji kamar matashin kai. Ta bi duk abin da ta koya. Da ta ɗaga murfi tururi ya tashi, nama na zamewa daga ƙashi da kansa.

“Ya yi!” Fanta ta rangaɗa guɗa. Ta kai loma, ta tauna, guɗar ta mutu. “Ya nuna dai. Amma kamar auduga aka jiƙa.”

Bayan ta tafi, Hilda ta zauna a tsakar gida da tire, tana tsince shinkafa. Kazar Titus ta zo tana kewaya ƙafafunta, tana jan ƙafar nan mai zare. In zakara ɗan shekara ya gagari akwatin, ina ga wannan tsohuwa? Abin da Titus ya nema a wasiƙa ta iya shi yanzu. Amma in wannan farin naman ne bakinsa ya saba da shi, to wane Titus ne zai sauko daga jirgi? Ta tuna shi yana ɗan shekara bakwai, tsugune bakin murhu, hayaƙi na sa shi hawaye amma ya ƙi tashi, yana jiran a ba shi wuya da ƙafafu, don ƙundu na babansa ne. Ta watsa wa kazar shinkafa, mai kyau, ba dattin da ta tsince ba.

Ranar Asabar da sassafe ta miƙa wa Malam Bamanga kazar ta kan katanga. Ya ga jan zaren, ya dube ta, sannan ya karɓa.

Ta hura itace. Ta ɗauko tsohuwar tukunyarta ta ƙasa, ta sa kazar sukutum yadda ya ce, da daddawa da citta da masoro da albasa. Awa uku tana tafasa a hankali, ita kuma tana rage wuta tana ƙara ruwa. Da nama ya sallama, ta ɗago ta da faranti biyu don kada ta wargaje, ta kwantar da ita a tukunyar tangaran, ta zuba romo, ta rufe, ta sa a akwatin. Ta kwashe toka, ta share murhu tas, ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane.

Jirgi ya makara, sai bayan la'asar. Titus ya shigo gida da ƙiba, da tabarau, da 'yar furfura a gefen kunne wadda ba wanda ya rubuto mata labarinta. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta riƙe kansa ta daɗe ba ta saki ba.

“Mama, injin yana aiki?”

“Sosai ma.” Ta murɗa zuwa biyar. Suka tsaya su uku da Fanta suna kallon gilashi.

Ya ɗaga murfin da kansa. Tururi ya bugi fuskarsa, tabarau ya yi hazo, ya cire shi. Ya yagi cinya ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa, idonsa a kan romon.

“Goggo Fanta, ashe injin nan yana hayaƙin itace?”

“Ni me na sani, ɗana? Ba ni da boko.”

Ya yi dariya. “Ina da irin tukunyar nan a Fatakwal, Mama. Kusan duk Lahadi sai na gwada. Har daddawa nake sa a kawo mini. Ba ta taɓa yin haka ba. Na ce bari in aiko miki, ke za ki gane inda nake kuskure, ki rubuto mini.”

“Ba abin rubutawa ba ne,” ta ce. Ta laluba cikin kazar da cokali, ta ciro ƙundu. Ta ɗan tsaya da shi, don rabon da ta ba wani ƙundu tun Malam Alfred na da rai. Ta sa masa a faranti.

Ya cinye. Ya sha romo da bakin kwano. Daga nan ya fita tsakar gida, ya tsuguna bakin murhun da ta share, ya ɗora tafin hannu kan dutsen. Da sauran ɗumi.

Ranar Litinin ta raka shi tasha. Ya ce zai dawo Kirsimeti, in sun ba shi hutu. Ta ce Allah ya sa. Ta tsaya har jirgin ya shige, har ƙararsa ta ɓace.

Da ta koma gida ta lulluɓe akwatin da ƙyalle mai ado, ta ɗora tukunyar tangaran a kai. Ta ɗebi dawa ta watsa a tsakar gida. Kaji suka taru, ta kama wata budurwa, baƙa mai ɗigon fari, jikar waccan. Fanta na leƙe ta kan katanga lokacin da take ɗaura zaren.

Hilda ta ƙulla sau biyu, ta ɗaga kazar daidai fuskarta.

“Ke kuma,” ta ce mata a hankali, “kada ki tsufa.”