Waƙa Kawai

Babban yatsan Alhaji Ladan ya daɗe a kan fuskar wayar, kamar na mai shirin dangwala ƙuri'ar da ransa bai so. Rana ta take tsaka a Kasuwar Muda Lawal, masu baro suna ihun a ba su hanya, wata mata tana tsaye gaban buhun gero tana tambayar yadda yake sayar da mudu. Bai ji ta ba, har ta gaji ta wuce rumfar gaba. Saƙon murya ne a gabansa, na amininsa Malam Andrawus. Da safe aka saka shi a zauren, kuma tun safen zauren yake tafasa.

Zauren Tsoffin Kaset sunansa. Su biyu suka buɗe shi a WhatsApp, Ladan mai hatsi da Andrawus, malamin firamaren da ya yi ritaya ya zauna a unguwar Ɗan Iya. Kaset ne ya haɗa su tun suna samari, wannan ya ara, wancan ya ƙi mayarwa, a yi ta tsiya. Yadda ake yi a zauren ba wuya: mai tsohon kaset ya saka shi a rediyo, ya kara wayarsa a bakin sifika, ya danna ɗaukar murya kai tsaye cikin zauren. Sai ka ji goge ko garaya, a bayansu kuma ka ji kukan zakara da tarin mai gida. Kafin a ankara jama'a sun cika, 'yan Ƙofar Ran da ma'aikatan gwamnati, Sayawa da Jarawa da Fulani, har da mazauna Legas masu kewar gida.

Sai zaɓe ya zo. Wani ya saka waƙar jam'iyyarsa, wani ya rama, daga nan aka gangara kan addini, daga addini aka koma kan iyaye. Mutanen da jiya suke yi wa juna godiya a kan kiɗan gurmi suka wayi gari suna tona gawarwakin rikice-rikicen baya. Andrawus ne ya zauna ya rubuta dokar da ta ceci zauren, da hannunsa na malamin makaranta: waƙa kawai. Ba siyasa, ba wa'azi, ba waƙar ibada ta kowane ɓangare, ba talla, ba Juma'a Mubaraka, ba barka da Lahadi. Da idonsa ya fara rauni sai ya sauka daga admin, ya bar wa Ladan tsintsiyar.

Ladan kuwa ya yi shara, ba sani ba sabo. Ya goge tallan atamfar ƙanwar matarsa. Ya goge hoton jaririn wani darakta. A watan Maulidi ya goge begen da Sabitu, mai sayar da kayan waya a Ƙofar Ran, ya ɗauko daga kaset ɗin mahaifinsa. A ranar 'yan uwansa Musulmi sun kira shi sunaye iri-iri, ya haɗiye. A ransa yana jin daɗin abin, gaskiya, domin a duniyar da kowa ke karkata ga nasa, shi ya samu wuri ɗaya da yake tsaye cak.

Makon jiya Liatu, matar Andrawus, ta rasu. Maman Amos kowa ke kiranta. Ladan ya bi gawar har ƙauyensu a kudancin jihar, ya tsaya a wajen coci cikin rana har aka gama, A'i matarsa kuma ta kwana biyu tana dafa wa 'yan makoki abinci. Ko sanarwar rasuwar ba a saka a zauren ba, doka ta hana. Sai yau da safe ga saƙon Andrawus, da ɗan rubutu a ƙasansa: "Muryar Maman Amos, waƙar da ta yi wa zumuntar matan coci."

Ladan ya kunna. Aka ji sautin tulu da kacau-kacau, sannan siririyar murya ta taso, muryar matar da ta sha zuba masa kunun gyaɗa. Tun a layin farko ta ambaci Yesu. Ya kashe da sauri, ya waiga ya ga ko maƙwabtan rumfa sun ji.

A ƙasa saƙonni sun jeru. Wasu suna ta'aziyya. Wasu suna tambaya, da ladabin da ya fi zagi ciwo, ko dai an canja doka ne ba a sanar ba. Wani ya rubuta cewa dama sun san gaskiyar admin ta ɓangare ɗaya ce. Wasu daga ɗaya ɓangaren suka ce duk wanda ya taɓa wannan waƙar ya taɓa su duka. Tsohon warin nan ya fara tasowa, Ladan ya san shi.

Yana cikin haka Sabitu ya tsaya da babur a bakin rumfar. Ya yi sallama, ya durƙusa kaɗan ya gaishe shi, gaisuwar wanda ya zo da magana a baki.

"Alhaji, na ga abu a zaure, na ce bari in zo da kaina, kada a ce na yi rashin kunya a bainar jama'a."

"Na gani, Sabitu. Matarsa ce ta rasu."

"Allah ya ba shi haƙuri. Ni ma ubana ne ya rasu, Alhaji. Muryarsa ce a begen nan da ka goge. Ko shi ba mamaci ba ne?"

Ladan bai san muryar mahaifin yaron ce ba, don bai tambaya ba a lokacin.

"Ka ce mini doka ce, na haƙura," in ji Sabitu. "Mutane suka zuga ni in fita, na ce a'a, Alhaji Ladan mutum ne mai gaskiya. Yau kuma mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Ba Malam Andrawus ne ya rubuta ta ba?"

"Shi ne."

"To, ni ban zo faɗa ba. In ka bar tasa, zan maido da tawa kafin la'asar, kuma akwai mutum goma da ke jiran su saka nasu. Sai mu ga inda za a tsaya."

Ya tada babur ɗinsa ya tafi. Ladan ya bi shi da ido, yana jin haushinsa ƙwarai, kuma abin da ya fi ba shi haushi shi ne ya rasa inda yaron ya yi ƙarya.

Ya kira Andrawus. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, gidan makoki ne, wa ya san inda aka ajiye ta. Ya sake kira. Kafin nan wani ya saka hoton wata coci da aka ƙona shekarun baya, wani ya amsa masa da hoton masallaci. Ladan ya goge hotunan biyu. Sannan ya koma kan saƙon amininsa, ya danne shi, ya zaɓi a goge wa kowa. Ya gaya wa kansa cewa Malam zai fahimta, ai kaset ɗin yana hannunsa, in an kwana biyu ya turo masa shi kaɗai su saurara tare. A ƙasa ya rubuta: "Waƙa kawai, jama'a. Allah ya ba mu haƙuri da juna."

Kamar an zuba wa wuta ruwa. Sabitu ne ya fara saka alamar babban yatsa. Kafin azahar ta wuce wani ya saka kiɗan kalangu na wani biki da aka yi a Azare, aka koma musun shekarar da aka ɗauke shi.

Bayan la'asar Ladan ya rufe rumfa, ya sayi lemo da ayaba, ya hau keke zuwa Ɗan Iya. An nannaɗe rumfar makoki, kujerun roba na jingine a bango suna jiran mai haya. Ya sami Andrawus a barandar gida, shi kaɗai, tsohon rediyonsa mai cin kaset a gefensa. A cinyarsa akwai kaset, zaren ya fito ya cukurkuɗe kamar taliya, yana ta ƙoƙarin mayar da shi da fensir.

"Malam, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Alhaji. Zauna."

Ladan ya zauna, ya ajiye ledar. Ya shirya jawabinsa tun a cikin keke, dogo, mai hujjoji. Andrawus bai bar shi ya fara ba.

"Amos ya karanta mini. Ya ce an rubuta admin ya goge."

"Malam, zauren ya kusa kamawa da wuta. Na kira ka, ban same ka ba. Na ce tunda kaset ɗin yana nan..."

Andrawus ya ɗaga kaset ɗin. A tsakiyar zaren akwai inda ya narke ya manne, ya tsinke gida-gida.

"Sau ɗaya ya yarda ya yi. Jiya na same shi a ƙasan akwatinta. Na san ya tsufa, shi ya sa ban gwada shi ba, na ce bugun farko ma in ɗauka. Yana kaiwa ƙarshe na ce bari in mayar baya in sake ji, rediyon ya cinye shi." Ya ajiye fensirin. "Ni ban iya ɗaukar murya a ko'ina ba sai a zauren nan. Kai ka koya mini."

Ladan ya ce, "A wayarka fa?"

"Amos ya duba. Ya ce in admin ya goge, har ta mai ita tafiya take yi."

Ladan ya miƙe ya fita ƙofar gida. Ya karya dokar da kansa, ya rubuta a zauren yana roƙon duk wanda ya ajiye saƙon Malam Andrawus na safe ya taimaka ya turo. Yana tsaye yana kallon sunayen waɗanda suka karanta suna ƙaruwa, babu mai amsawa. Ya kira waɗanda suka ce duk wanda ya taɓa waƙar ya taɓa su. Ɗaya ya ce datarsa ba ta kai ya sauke ba. Ɗaya ya ce yana ofis, ya bari sai ya koma gida ya saurara. Na ukun ya yi dariyar jin kunya, ya ce shi gardamar kawai ya bi. Ashe duk wannan tada jijiyar wuya da aka yi tun safe, a kan waƙar da ba wanda ya tsaya ya ji ne.

Daga ƙarshe ya kira Sabitu, ya sauke murya yadda bai taɓa sauke wa yaron ba.

"Wallahi Alhaji, ban ko buɗe ba," in ji Sabitu. "Rubutun ƙasan kawai na gani. Da na san haka ne..." Sannan ya ƙara a hankali, "Tawa ai ina da kaset ɗin."

Da Ladan ya koma baranda, Andrawus bai tambaye shi sakamako ba. Fuskarsa ta isa.

"Malam, ka yafe mini."

"Me ka yi? Ni na rubuta dokar. Da ni ne admin, muryar A'i ce aka saka, da na goge." Ya faɗe shi ba tare da zafi ba, kuma Ladan ya gwammace a zage shi. "Ka yi daidai, Alhaji. Zauren ya lafa?"

"Ya lafa."

"To, madalla."

Ladan ya sake zama. A cikin gida ana wanke manyan tukwanen da aka aro. Wayar Ladan tana ta motsi a aljihu, masu musun kalangu ba su gama ba. Can Andrawus ya fara rera wani abu ƙasa-ƙasa, yana buga gwiwarsa da yatsu a madadin tulu. Ya yi layi biyu, ya tsaya. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya.

"Ita ta ƙirƙiro ta, ba ta cikin littafi," ya ce. "Matan da suka yi amshi, biyu sun rasu, ɗaya ba ta gane mutane yanzu. Da safen nan ina ɗauka ina kuka, ban riƙe baiti na biyu ba. Akwai inda ta yi kuskure ta fashe da dariya, suka taya ta." Ya juyo da raunanan idanunsa wajen amininsa, da ɗan fata a cikinsu. "Kai ai kana sauraren abu kafin ka goge. Bayan ta ce ko dare ya yi tsawo, me ta ce?"

Ladan ya dubi ledar lemon da ke tsakanin ƙafafunsa.

"Layin farko kawai na ji, Malam."

Andrawus ya gyaɗa kai a hankali. Ya ɗauki fensirin, ya zura shi a ramin kaset ɗin, ya ci gaba da juyawa.