An Ba Ƙasa Amana

Lafta na ɗaure igiyar ƙarshe a saman motar haya, direba kuwa kunnensa na jikin rediyo. Akwatin gawar na masallacin unguwa ne, aro aka ba su kamar yadda ake ba kowa, an lulluɓe shi da dardumar ɗakin marigayiya. A ciki Nuriya ce, mahaifiyar Lafta, wadda ta cika da asuba. Tun tana da ƙarfinta maganarta ɗaya ce: a kai ta Najaf, birni mai tsarki can kudu, a kwantar da ita kusa da mijinta, a maƙwabtaka da kabarin Imam. Har Alƙur'ani ta sa Lafta ya dafa a kan haka.

Baiwar Allah ba ta dace da mako ba. Shekaranjiya sojoji suka kifar da gidan sarauta, Bagadaza ta wayi gari jamhuriya, kalmar da rabin 'yan unguwar har yanzu harshensu bai iya ba.

"Ka ji kuwa?" in ji Abu Shakir direba. "Sojojin Amurka sun sauka Beirut, an ce na Ingila ma suna ɗaura ɗamara, Rasha ta ce kul. Duniya za ta tashi, kai kana nan kana fama da igiya."

"Tawa ta riga ta tashi, Abu Shakir. Tada mota."

Sabriya, ƙanwar Lafta, ta shiga baya cikin baƙar abaya. Suka ratsa gari a hankali. Tankoki a bakin gada, samari rataye a jikin motoci suna waƙa, ana tattaka hotunan sarki da jiya-jiya ake goge musu ƙura. Lafta ɗan dako ne a kasuwar hatsi, bai taɓa ƙaunar sarki ba, sarki ma bai san da zamansa ba. Abin da ya dame shi rana ce. Zafin Yuli ba ya jiran kowa, balle gawa.

A bakin hanyar kudu suka tarar da shinge. Wani saje ya matso, yaro ne matashi, da jin harshensa mutumin kudu ne irinsu.

"Allah ya jiƙan rai. Sauke, ka buɗe."

"Mace ce, ɗan'uwa. Uwata ce."

"Kowa haka yake cewa, Kawu. Manyan jiya neman hanyar gudu suke, an ce har da masu shiga abayar mata. Umarni ne, ba akwatin da zai wuce sai mun ga fuska."

"To a kira mace ta duba."

Saje ya waiwaya hagu da dama. Sojoji, bindigogi, da samarin da suka fara taruwa suna leƙe. "Ka ga mace a nan, ban da taku?"

Abu Shakir ya sa baki, ya yi rantsuwa da Imam, ya ce tun yana yaro yake cin burodin tsohuwar nan. Saje ya kawar da kai, kunya ta kama shi, amma bai janye ba. Cikin samarin wani ya ce wataƙila minista ne a ciki, a sauke a gani. Aka yi dariya.

Sabriya ta leƙo ta taga, muryarta a dishe. "Yaya, bar su su gani. Kallo ɗaya ne. Wasiyya ce fa, ka dafa Alƙur'ani."

Lafta ya ɗora hannu a kan igiyar. Ƙulli ɗaya zai kwance, kafin magariba suna Najaf. Sai ya tuna da watan jiya, ranar da ya goyo ta har ƙofar asibiti. Tana jin cewa likitan namiji ne ta ce ya sauke ta. Fuskar da babu baƙon namijin da ya gani tun tana budurwa, ta ce, ba za ta buɗe ta don ƙarin kwana ba. Haka suka koma gida da ciwonta, ciwon da ya zama ajalinta. Ya dubi samarin nan masu gumi, bakinsu a buɗe suna jira. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin.

Ya cire hannunsa. "Juya mota, Abu Shakir."

"Yaya!"

"Na ce a juya."

Maƙabartar bayan gari suka nufa. Mai haƙan kabari, wani tsoho ana ce masa Abu Hatim, ya saurare su yana tsaye jingine da shebur.

"Amana ke nan za a yi," in ji shi. "Ba zama za ta yi ba, ajiya ce. Hanya na buɗewa ku zo ku ɗauke ta zuwa Najaf."

Ya ja su can gefe, wurin wasu kaburbura marasa dutse, ƙasarsu ta baje, ƙaya ta rufe su.

"Su waye waɗannan?" Sabriya ta tambaya.

"Baƙi ne irin taku, 'yata. Waɗancan tun lokacin yaƙin Ingila da Jamus, da aka rufe hanya. Na nan kuma shekarar da aka yi babbar zanga-zanga a kan gada. Duk amana ce."

"Ba a zo an ɗauke su ba?"

"Kowa da rantsuwarsa ya tafi. Sai aure ya taso, sai haihuwa, sai wani rikicin. Ba mugunta ba ce. Ido ne idan ya daina ganin abu, zuciya takan saki."

Sabriya ta juyo ta kalli wanta ta cikin mayafi. "Ka ji ko? Nan ka kawo ta. Baba can, ita nan cikin ƙaya. Kai ma haka za ka yi."

Lafta ya juya ya koma wurin akwatin. Aka yi mata salla. Shi da kansa ya sauka ramin, Abu Shakir da tsohon suka kama dardumar suka yi masa rumfa, suka kau da fuska. Ya kwantar da ita cikin likkafaninta, babu idon da ya gan ta. Sannan Abu Hatim ya durƙusa ya dafa bakin kabarin.

"Ke ƙasa, ga amana mun ba ki. Ki riƙe ta yadda aka ba ki, zuwa..." Ya ɗago. "Zuwa yaushe zan ce mata, ɗana?"

"Ce mata kada ta saba da ita."

Tsohon ya dube shi jim, ya maimaita wa ƙasa haka.

Da la'asar suka iso unguwa, dokar hana fita na gab da somawa. A shagon shayi rediyo na ta lissafa ƙasashen da suka amince da sabuwar gwamnati. Abu Shakir ya tsaya a ƙofar masallaci. Lafta ya kwance igiya, ya juya baya kamar zai ɗauki buhun alkama, ya saɓi akwatin. Ladan ya fito ya buɗe masa ƙofar ɗakin ajiya.

Lafta ya wuce shi, ya nufi gida.

"Lafta, nan ne wurinsa. Ina za ka da kayan masallaci?"

Ɗakinsu ɗaya ne tal, idan akwatin ya shiga da kyar za a sami wurin shimfiɗa, amma kullum ido zai riƙa ganinsa. Sabriya ta tsaya tana kallon bayansa. Can ta naɗe dardumar, ta rungume, ta yi sauri ta sha gabansa don ta ɗage masa labulen ƙofa.

"Ka yi haƙuri, Malam," in ji Lafta, bai waiwayo ba. "Ban gama da shi ba."