Gidan Tsakuwa a Bakin Ƙugiya

Nadine ta janyo fatsarta daga kogi, ta sake tarar da ɗan gidan tsakuwa maƙale a bakin ƙugiya. Bai kai gaɓar yatsa ba. Ta matsa shi a hankali, tsutsar da ke ciki ta leƙo da baƙin kanta, ta koma.

Tsutsar kadis ce. Kakanta Orville ya nuna mata ita tun tana ƙarama. Takan liƙa yashi da tsakuwa ta yi gida, ta manne a jikin dutse har ranar da za ta yi fukafukai, kifi ya yi ta wawarta. "Ba ta sakin dutsenta haka kawai," ya taɓa ce mata. "In kin ga suna yawo da rana tsaka, mutanen dam sun buɗe ƙofa, ruwa na tafe. Ki bar kifi, ki nemi tudu."

Ta jefa ɗan gidan a aljihu, ta waiwaya. Dutsen da ta ajiye gorar kofinta a kai ya nutse, gorar ma babu ita. Ruwa na hawa.

Kakan yana can tsakiyar kogi a kan tudun tsakuwa, ya ba ta baya, hankalinsa duk yana kan wani ƙaton kifi da ke ta leƙowa. Wandon robar da ya sa har ƙirji ba zai bari ya ji hawan ruwa ba. Na'urar jinsa kuma tana mota, inda yakan bar ta kullum.

"Kaka, ka sa abin kunnenka mana," ta ce masa da safe.

"In jiƙa shi a banza? Ke ko na sa, wa ke jin ki? Sauro ma ya fi ki murya, uwar kunya."

Yanzu ta buɗe baki. "Kaka!" Ta sake, har maƙogwaronta ya yi zafi. Kogin ya haɗiye kiran. Ta wurga dutse, ya faɗi a rabin hanya. Ta taka cikin ruwa, ya doki cinyoyinta kamar zai kwashe ta, ta ja da baya. Ba ta iya iyo ba.

Doka ɗaya tsohon yake da ita a kogi: ba a jifa da fatsa a kan zaren wani. Ɗan cikinsa ma ya taɓa kora gida a kan haka.

Ta warware zare mai yawa, ta kaɗa sandar fatsar, ta jefa. Iska ta karkatar da shi. Ganyaye da gansakuka suna ta wucewa ta gabanta. Ta cije leɓe, ta sake jefawa da duk ƙarfinta. Zaren ya miƙe, ya haye nasa, ya sauka a kafaɗarsa. Ta fizga.

Tsohon ya dafe kunne, ya juyo yana zage-zage. Ta nuna masa ƙasa da hannu biyu. Ya duba. Tudun da yake tsaye a kai ya ɓace.

Ya fara ƙetarowa a karkace, ƙafa bayan ƙafa. Ruwa ya kai masa ƙugu, ya kai ƙirji. Ya zame, sandarsa ta tafi, hularsa ta bi ta. Nadine ta ƙanƙame zaren, ko da yake ta san ba zai riƙe mutum ba. Can ƙasa kaɗan hannunsa ya cafki reshe, ta ruga ta ja shi da kwalar riga.

A mota ya zauna yana haki, ƙugiya na reto a fatar kunnensa, jini na ɗiga a wuya.

"Wa ya koya miki jifa a kan zaren mutane?" ya ce da ƙarfi.

Ta motsa baki, bai ji ba. Sai ta ciro ɗan gidan tsakuwar daga aljihu, ta ɗora masa a tafin hannu.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya lalubo na'urar, ya cusa a ɗaya kunnen.

"To," ya ce a hankali. "Ina jin ki."