Waken Sekkura

Shekarar da Sekkura ta rasu, mijinta Dda Arezki bai taka lambunta ba sai da ƙanƙarar kan duwatsu ta fara narkewa. Lambu dai a ƙauyenmu na mata ne, namiji nasa zaitun da ɓaure. To amma ɗansu yana Faransa, 'yarsu tana aure a birni, gida kuwa daga shi sai bango.

Gishiri yake nema ya ci karo da wani ƙulli a cikin tulu. Irin wakenta ne, mai yaɗo, jan nan mai ɗigon fari da ta zo da shi daga gidan uwarta. Ƙwari sun yi masa kaca-kaca, ƙwaya tara kawai suka tsira. Kaf ƙauyen ba mai irinsa. In waɗannan suka mutu, shi ke nan.

Ya cika gwangwanayen madara da ƙasa, ya jera a bakin taga, yadda ya sha ganin tana yi. Bakwai suka tsiro. Da hantsi ya fitar da su rana, da la'asar ya shigo da su, har hira yakan yi musu, abin da bai cika yi wa mai su ba, Allah ya ji ƙanta. Da sanyi ya saki, ya dasa su, ya kafa wa kowanne gora.

Nan fa aka fara. Kullum da safe sai ya naɗa yaɗon a jikin gora a hankali, washegari ya tarar ya warware ya kwanta ƙasa. Ya sake naɗawa, ya ɗaure da zare. Biyu suka karye a hannunsa. Saura biyar. Tambaya kuma kunya ta hana, kada a ji a dandali dattijo yana neman shawarar mata a kan wake.

Nna Ferruja, 'yar baffansa da ta girme shi nesa ba kusa ba, ita ta leƙo ta kan katanga.

"Arezki, kokawa kake da wake?"

"Ƙin hawa suke, Nna."

"Ta ina kake naɗa su?"

Ya nuna mata, ta hagu.

"Kai dai an yi tsohon banza. Wake ta dama yake hawa, ko yanka shi za ka yi. Shekara arba'in kana tare da ita, ba ka taɓa kallon hannunta ba?"

"Ina kallo mana."

"Tukunyarta kake kallo. Ita ma ai ba ta naɗa su. Gora take kafawa ta tafi harkarta. Kwance zaren nan."

"To ni me zan riƙa yi musu?"

"Ba su ruwa, ka tafi ka sha gahawa da 'yan'uwanka."

Ya kwance zaren. Kwana huɗu, duka biyar suka kama gora da kansu. Bai je shan gahawar ba. Dutse ya samu a gefen lambu, yakan zauna, hannaye tsakanin gwiwoyi don kada su yi karambani, yana kallo har rana ta yi zafi.

Da waken ya yi 'ya'ya, ko ɗaya bai sa a miyar kuskus ba. Ya bari ya bushe, ya ɓare, ya kasa biyu, ya miƙa wa Nna Ferruja kashi ɗaya.

"Ajiye wannan a wurinki, Nna. Ba ni da wanda zai duba tuluna."

Ta karɓa, ba ta tsokane shi ba.