Ragar da Na Ɗaura a Mafitar Dam

Ni Badamasi ban yi boko ba, amma na ja tirela shekara ashirin, ban cika ruɗewa ba. Da na ajiye tuƙi sai na tara ƙasa na datse ƙoramar bayan gonata a Garo, na yi dam, na zuba kifi, tarwaɗa da karfasa.

Bara wata injiniya mai suna Raliya ta zo daga Kano tana duba ƙananan dam na masu zaman kansu. Ta zagaya nawa, ta sa shi a sahun masu babban haɗari.

Na ce, "Haba 'yata, katafila fa ta danne ƙasar nan."

"Baba, ba ƙarfinsa na auna ba. Waɗanda ke ƙasansa na duba." Ta nuna gidan yayata Asibi, can cikin kwari. "Kuma mafitar ruwan nan, ko tsinke kar a sa mata."

Na ce to. Amma da damina ta kankama, na ga kifina na bin mafitar suna faɗawa gonakin mutane, yara na tsinta a kwano, sai na kafa turaku na ɗaura raga.

Ranar wata Laraba aka yi ruwa tun hantsi har azahar. Na je dubawa. Raga ta tare kara da ciyawa da leda, ta zama bango. Saura taƙi ɗaya ruwa ya haura dam. A gindinsa kuma wani ruwa ja, mai kauri kamar kunu, yana ɓulɓulowa daga cikin ƙasar. Na gane ruwa ya fara cin dam ɗin ta ciki.

Na gangara da gudu, takalmi ɗaya ya tsaya a taɓo. Na tarar da Asibi tana tuƙa tuwo.

"Yaya, ku fita, ku hau tudu!"

"Sarkin kifi, yau kuma wa ya sata?"

"Dam ne, Yaya."

Ta dubi fuskata, ta saki muciya, ta saɓi jikarta Murja. "Awakina fa?"

"Kwance su kawai!"

Na koma mafitar da adda, na shiga ruwa har ƙirji, ina salati ina laluben igiyoyin ragar. Ƙasa na zamewa a ƙarƙashin ƙafata. Ina sare igiya ta uku, tarkacen ya tafi gaba ɗaya, ya maka ni da turke. Na rungume shi, ruwa na dukan kunnena, ban san iya lokacin da na yi a haka ba.

Ruwan ya bi ƙorama, ya kwashe dangar Asibi da rumbunta. Ɗakunan suka tsaya.

A kan tudu na same ta, Murja na kuka a bayanta. Ta ce, "Ba zan sake kwana da ruwa a bisa kaina ba, Badamasi."

Na kai su gidana. Washegari na tara majiya ƙarfi da shebur, muka fara yanke dam ɗin kaɗan-kaɗan don ruwan ya tsiyaye gaba ɗaya, kowa idonsa na kan jan ruwan nan da bai daina fitowa ba.