Kafaɗar Sulken Yaya

Ƙarfe goma na safiyar Juma'a ne, ana yayyafi tun asuba, irin wanda ba ya jiƙa mutum sosai amma yana hana gam bushewa. Shi ya sa maigidana ya ce kada in zo shagon gyaran kujeru ranar. Ina zaune ina shan shayi, Mama ta ajiye mabuɗi a gabana.

"Na ɗakin yayarka ne, Auta. Tashi ka dubo min."

"Mama, ɗakin babbar mace?"

"Babbar macen da ke fita da ƙatuwar jaka duk Asabar ɗin ƙarshen wata, ta dawo da kwalli har kunne? Ɗaki kullum a kulle, wari na fitowa kamar shagonku." Ta rage murya, alhali mu biyu ne a gidan. "Ni in na gani da idona ba zan iya riƙe bakina ba. In abin kunya ne, yau zan kira Kawunku. Aikin ma ta bar shi, ta zauna inda idona zai gan ta."

Kawu ba ya jin zance sau biyu kafin ya yanke hukunci. Na san haka, na ɗauki mabuɗin.

Yaya tana aiki a wani kamfani, ita ke amsa wayar masu ƙorafi. Daga safe har yamma ana zaginta a kan abin da ba ita ta ɓata ba, tana cewa a yi haƙuri. In ta dawo, sallamarta ma da ƙyar ake ji. Gaskiya ni ma na fara zarginta. Guntayen soson da nake kawowa daga shago sun riƙa raguwa, almakashina ya ɓace sati biyu, ya dawo a dakushe.

Jakar tana ƙarƙashin gado. Na jawo ta a hankali. Da na zuge, sai ga sulke irin na mayaƙan cikin fim, da kwalkwali, da takobi. Na ɗaga takobin, bai kai nauyin cokali ba. Duk soso ne, sosona, an yanka an shafe da fenti ruwan azurfa. A ƙasan jakar akwai takardar talla. Karatuna ba mai sauri ba ne, amma na haɗa: taron masu shigar jaruman fim da na wasannin waya, gobe, a wani zaure a cikin gari.

Akwai hoto kuma. Mutane sun jeru, wani da fukafukai, wata da kunnen kyanwa. A tsakiya ga mai sulke, doguwar riga a ciki har ƙasa, ta ɗaga haɓa, tana dariya baki buɗe. Na daɗe ina kallo kafin in yarda Yaya ce. Rabona da ganin haƙoranta tun kafin Baba ya rasu.

Sai idona ya kai kan kafaɗar dama ta sulken da ke cikin jakar. Ta ɗaye har rabi. Na san ciwon: Yaya ta shafa gam a gefe ɗaya ta manna tun yana ɗanye. Ai gam ɗin nan gefe biyu ake shafawa, a jira sai ya daina kama yatsa. Yadda ta yi, tana ɗaga takobi sau biyu kafaɗar za ta faɗi a gaban mutane.

Mama tana bakin ƙofa, waya a hannu.

"Me ka gani?"

"Soso ne, Mama. Da fenti. Kayan wasan kwaikwayo take haɗawa da hannunta."

"Wasan kwaikwayo? Wannan da ko gaisuwa sai an roƙe ta?"

"Ita fa."

"Ba wasiƙa? Ba turaren maza?"

"Turaren da ke ciki duk na shagonmu ne."

Ta ƙura min ido har na fara sosa ƙeya. "Bakinku ɗaya, na san ku. Tun kuna yara in ɗaya ya fasa kofi, sai ku ce iska ce." Ta juya wayar a hannunta, ta sake juyawa, sannan ta tura ta cikin aljihu. "Zan sa ido dai."

Na ce na bar taga a buɗe, na koma ɗakin. Na kankare tsohon gam ɗin da reza, na shafa nawa gefe biyu, na kunna fanka saboda danshi. Na jira kusan rabin awa kafin in manna. Ɗaya kafaɗar ma na ƙara mata ƙarfi.

Da yamma Yaya ta dawo, ta shiga ɗaki, ba ta yi minti biyu ba ta fito.

"Wa ya shiga ɗakina?"

Mama ta ci gaba da yankan albasa kamar ba ta ji ba. Yaya ta juyo kaina, ta dubi yatsuna da gam ya bushe a kai.

"Ɗan leƙen asiri. Nawa aka biya ka?"

"Shayi ne kawai, shi ma ya huce."

Ba ta yi dariya ba. Ta koma ta murza mabuɗi sau biyu, abinci ma a ɗaki ta ci.

Da safe ta ajiye jakar a bakin ƙofa ta koma neman takalmi. Mama na leƙe ta tagar kicin. Na jira ta sunkuya kan tukunya, na zura ƙaramin gwangwanin gam a aljihun gefen jakar, da almakashin, na wasa shi tun jiya. Yaya ta fito ta saɓa jakarta, ta wuce ta gabana ko kallona ba ta yi ba. Na bi bayanta na rufe ƙofar gida.